Makonni Shida Ina Gadin Ƙwan Kunkuru a Boa Vista

Motar a-kori-kura ce ta ɗauke mu daga Sal Rei, babban garin tsibirin Boa Vista, da la'asar sakaliya, mu shida a baya tare da jarkokin ruwa, buhun shinkafa da tukunyar gas, muka nausa kudu maso gabas. Da farko titin na ƙananan baƙaƙen duwatsu ne da aka jera da hannu, irin wanda ke karkaɗa mutum har haƙora su riƙa haɗuwa. Can gaba titin ya ƙare, sai sawun tayoyi cikin ƙura. Boa Vista ɗaya ne daga tsibirai goma na ƙasar Cabo Verde, kuma shi ne mafi kusa da gaɓar Afirka, kimanin kilomita 570 daga Dakar. In aka rufe wa mutum ido aka sauke shi a tsakiyarsa, sai ya rantse a wajejen Agadas yake: tuddan rairayi, itatuwan ƙaya, dabino jefi-jefi, awaki da jakuna suna kiwon abin da ido ba ya gani. Har hazonmu na hunturu yana isa can, suna kiransa bruma seca.

Abin da ya kai mu shi ne kunkurun teku mai ƙaton kai, wanda masana ke kira Caretta caretta, mutanen gari kuma su ce tartaruga kawai. Nau'in kunkurun teku bakwai ne a duniya, wannan ne ke hawowa gaɓar Cabo Verde saka ƙwai daga Yuni zuwa Oktoba, abin ya fi ƙamari a Agusta. Tsibiran suna sahun gaba a duniya wajen yawan gurbin wannan nau'in, tare da Florida ta Amurka da tsibirin Masira na Oman, kuma kaso mafi tsoka a Boa Vista yake. Kada mai karatu ya kawo kunkurun daji a ransa. Na teku ba ya iya shigar da kai cikin ƙoƙo, ƙafafunsa na gaba sun zama kamar filafilin kwalekwale, macen da ta isa haihuwa takan kai nauyin ƙaton mutum. Muƙamuƙinta na fasa ƙaguwa da dodon koɗi ne, saboda haka ba a tsayawa ta wajen bakinta.

Sansanin tantuna ne a bayan tudun rairayi, da rumfar tamfol inda ake girki da cika takardu, da faifan sola da ke cajin rediyon oba-oba da tocila. Ruwan daɗi mota ke kawowa, don haka da awo ake amfani da shi: na sha ba a hana ka, na wanka kuwa ƙaramin bokiti ne, shi ma ba kullum ba. Alwala dai ba ta zama matsala, ga teku nan, ruwansa mai tsarki ne. Abincin ƙasar shi ne cachupa, surfaffiyar masara da wake da ake dafawa har su yi lugub. Musulmi ya tambaya kafin ya sa cokali, domin sau da yawa da naman alade a ciki. In ka ce ta kifi kake so, ana yi. An raba dare biyu a sansaninmu, rukunin farko daga takwas zuwa ɗaya, na biyu daga ɗaya zuwa fitowar rana. Kowane rukuni yana da mai gadi ɗan tsibirin, da mai kula da bincike, da ɗan sa kai ɗaya ko biyu. Ana ba ku yanki na kilomita 2 zuwa 3 ku yi ta kai da komo, kafin a karɓe ku kun taka kilomita 10 cikin yashin da ƙafa ke nutsewa. Makon farko sharaɓa ce ke fara kai ƙara.

Dokokin sintiri kaɗan ne, amma ba a yi musu wasa. Tufafi masu duhu, dogon wando saboda sauro da iskar asuba. Waya a kashe cikin jaka. Tocilan goshi mai jan haske kaɗai aka yarda da ita, ita ma a kashe take yawancin dare, sai an zo karanta lamba ko rubutu. Dalili shi ne idon kunkuru bai cika kama jan haske ba, farin haske kuwa ko motsin inuwa ya isa ya mayar da uwar da ta fara fitowa cikin ruwa. Za ta sake gwadawa a daren ko washegari, amma kowace fitowa ƙarfinta take ci, kuma wadda aka yi ta kora tana iya zubar da ƙwan a cikin teku, inda duk za su mutu. Ana tafiya a jere ɗaya bayan ɗaya a kan jiƙaƙƙen yashi, dab da inda kumfa ke tsayawa, don a ga sawu tun daga tushensa. Bayan minti ashirin cikin duhu ido kan saba, har ka riƙa mamakin abin da hasken taurari kaɗai ke nunawa.

Karatun sawu shi ne rabin aikin. Yana kama da sawun tayar tarakta guda ɗaya, faɗinsa ya kusa mita, ya fito daga ruwa ya miƙe sama. Na wannan nau'in a karkace yake, domin tana jan ƙafar dama sannan ta hagu kamar mai rarrafe. Koren kunkuru kuwa ƙafafu biyun yake jefawa lokaci ɗaya, sawunsa ya fito daidai wa daida. Ana gane inda ta dosa da yadda yashin ya taru, kullum bayanta take tura shi. Sawu biyu, na hawa da na sauka, ta zo ta koma ke nan, sai a bi a ga ko ta yi gurbi ko ta juya ba ta yi ba. Juyawa haka nan ba abin mamaki ba ne, a wasu gaɓoɓin ta fi yin gurbin yawa. In sawu ɗaya ne tak, tana sama har yanzu, sai kowa ya durƙusa, mutum ɗaya ya bi sawun da rarrafe ya leƙo. In kuwa aka bi har ƙarshe ba ita, ga sawun takalma da alamar an ja abu mai nauyi, wannan kuma wani zance ne, zan zo kansa.

Wadda aka gani tun fitowarta daga kumfa, da farko ka ɗauka baƙin dutse ne ruwa ya tona. Takan ja jiki taku biyar ko shida, ta tsaya, ta ɗaga kai ta ja numfashi mai nauyi da ake ji daga nesa. In ta samu wurin da ya yi mata, sai ta share shi da ƙafafun gaba har ta yi kwari daidai jikinta. Daga nan aikin ya koma ƙafafun baya, kuma wannan shi ne abin da ban gaji da kallo ba har na baro. Tana lanƙwasa ƙafa ɗaya kamar tafin mai ɗibar tsaba, ta zura cikin ramin, ta ciro yashin da bai fi cikin ludayi ba, ta ajiye a gefe ba tare da ya zube ba, ta ɗan karkata jiki, ɗaya ƙafar ta shiga. Ramin yana bayanta, ko sau ɗaya ba ta ganinsa. Haka za ta yi ta yi har ƙafar ta daina taɓo ƙasa, wajen rabin mita ke nan. Abin da ya fito siffar tulu ne, wuya siriri, ciki mai faɗi. In yashin ya bushe da yawa wuyan rushewa yake yi, in ta ci karo da saiwa, dutse ko tsohuwar igiyar jirgi da ke binne, sai ta bar ramin ta matsa gaba ta sake. Akwai wadda ta haƙa huɗu a dare ɗaya ta koma ruwa da ƙwanta.

Duk tsawon wannan ba mai matsowa. Sai ƙwai sun fara faɗawa, domin a lokacin takan shiga wani hali kamar na maye, ba ta cika kula da abin da ke kewaye ba. Sannan ake matsowa ta baya, a kwanta rub da ciki, a kunna jan haske ƙasa-ƙasa. Ƙwan suna saukowa ɗaya, biyu ko uku a tare cikin yauƙi, farare, kewayayyu, ba su kai na kaza ba, ɓawonsu mai taushi kamar fata, shi ya sa ba sa fashewa. Ana ƙirgawa da 'yar na'urar da ake dannawa, kuma carbin nan na zamani da ake sa wa a yatsa yana yin aikin sarai. A nan yawanci 80 da 'yan kai ne, wata ta haura 100. Za ka ga hawaye mai kauri yana bin idonta. Baƙi sukan ce kukan naƙuda take, amma gishirin da ya yi mata yawa a jiki ne take fitarwa, ko a cikin ruwa haka take yi. In ta gama sai ta cike ramin da ƙafafun baya, ta daddanna, sannan ta yi ta watsa yashi da na gaba har wurin ya rikice. Daga fitowa zuwa komawa awa ɗaya ne zuwa ɗaya da rabi. Za ta dawo bayan kamar mako biyu ta sake, sau uku zuwa biyar a kakar, sannan ta ɓace shekara biyu ko uku.

Awo ana yinsa ne tana gab da gamawa ko tana rufewa. Tef irin na tela ake ɗorawa daga ɗan gurbin da ke bayan wuya, a bi doron ƙoƙon har ƙarshensa, sannan a auna faɗi a inda ya fi buɗewa. Sai an share yashi tukun, kuma a lura da ƙananan halittun nan masu ƙoƙo da ke manne a bayanta kamar ƙuraje, in tef ya hau kansu ya ƙara santimita biyu na ƙarya. Yawancin na Cabo Verde wajen santimita 80 ne, ba su kai na Florida ba. Da aka manna wa wasu na'urar tauraron ɗan Adam an ga manyan cikinsu suna zuwa kiwo a ruwa marar zurfi kusa da Gini da Saliyo, ƙananan kuma suna yawo a tsakiyar teku tsakanin tsibiran da gaɓar Afirka ta Yamma. Ana kuma bin kafaɗarta da ƙafafun gaba da na'urar karantawa, ko tana ɗauke da alamar nan mai kamar ƙwayar shinkafa da ake sa wa a ƙarƙashin fata. In babu, wanda aka horar ne kaɗai ke sa mata. Kuskuren da ya fi yawa a nan na lamba ne: cikin jan haske 3 da 8 ɗaya suke, 1 da 7 ma haka. Shi ya sa mai karantawa ke faɗa, mai rubutu ya maimaita, a sake dubawa. Lamba ɗaya in ta kauce, tarihin uwa na shekara goma ya tafi.

Tambayar da ta fi wuya ita ce a bar gurbi inda yake ko a kwashe shi. Sabon zuwa kullum kwashewa yake so, domin nan ne zai ji ya yi wani abu da hannunsa. Ka'idar kuwa ita ce a bar shi, a ɗauki wurinsa da GPS, a auna nisansa daga iyakar ruwa, a kafa alama nesa kaɗan. Ana kwashewa ne in ya tabbata zai lalace: yana ƙasa da inda ruwa ke kaiwa in teku ya cika, ko yana bakin gaɓar da ke zaizayewa, ko an haƙa shi cikin laka mai riƙe ruwa, ko yana gaban fitilun otal. Ɗan tayi ta cikin ɓawo yake numfashi, ruwa in ya kwanta a ramin na wasu awoyi ya shaƙe shi. Guguwar Fred da ta afka wa tsibirin a ƙarshen Agustan 2015 ta wanke gurabe masu yawa, kuma ko ba guguwa, manyan igiyoyin Satumba suna yin ɓarnarsu.

In an yanke shawarar kwashewa, da lokaci ake tsere. Cikin awoyin farko ɗan tayi yakan manne a tantanin cikin ɓawo ta sama, har farin tabo ya fito a wurin kamar an goga alli. Daga nan, juya ƙwan ko jijjiga shi yana yage mannewar, ya mutu ba alamar komai a waje. Don haka so ake a gama cikin awa biyu zuwa shida da sakawa. Abin da ya wuce awa 12 ya shiga hatsari. Da safar hannu ake aiki, hannun da ba man sauro ba man shafawa. Ana tono da yatsu, ba da shebur ba, a ciro ƙwan ɗaya-ɗaya yadda yake zaune, a jera cikin jaka ko bokiti da aka shimfiɗa wa damshin yashin ramin. A auna zurfin daga sama zuwa ƙwan farko, da kuma zuwa ƙasan ramin. Mai ɗauka ya rungume jakar a ƙirji ya yi tafiyar mai ɗauke da ƙwaryar nono. A shingen ƙyanƙyasa, wanda suke kira viveiro, sai a haƙa sabon rami da zurfi ɗaya da siffar tulu ɗaya, a zuba ƙwan ana sake ƙirgawa, a fara rufewa da damshin yashin da aka zo da shi, a daddanna kamar yadda uwar ke yi. Busasshen yashin sama in ya taɓa ƙwai tsotse masa ruwa yake yi. Tsakanin gurbi da gurbi wajen mita ɗaya, saboda ƙwai masu girma su ma zafi suke fitarwa, kuma ruɓar ɗaya kada ta shafi maƙwabci. A kafa katako da lamba, da kwanan wata, da adadin ƙwai.

Wannan nacin a kan zurfi yana da dalili. A kunkuru zafin yashi ne ke yanke namiji ko mace, a tsakiyar kwanakin da ƙwai ke yi a ƙasa. A wajen digiri 29 rabi da rabi ake samu, sama da haka mata su rinjaya, ƙasa da haka maza. In zafin ya zarce 33 ya daɗe, sai mutuwa ta fara yawa. Ɗan sa kai da ya gaji da ƙarfe uku na dare ya rage tsawon taƙi ɗaya a zurfin rami, ya canza jinsin gurbi guda bai sani ba. Ko launin yashi yana da tasiri: farin rairayin Boa Vista ya fi baƙin yashin tsibiran masu aman wuta, irin su Fogo, sanyi. Duk da haka binciken da aka yi ya ƙiyasta cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na 'ya'yan da ake ƙyanƙyashewa a ƙasar mata ne. Wasu shingayen shi ya sa ake yi musu inuwa da raga a wani ɓangare, a binne ma'aunin zafi a cikin ramuka.

Babban ɓarawon ƙwai a wannan gaɓar ƙaguwa ce, wata mai launin yashi, mai idanu a kan tsinke, da gudu kamar iska. Takan haƙo rami a karkace har cikin gurbi, ta farfasa ƙwai, ta bar ƙofa a buɗe ga ƙudaje da ruɓa. A wasu gaɓoɓin Boa Vista an auna ɓarnarta ta kai rabin ƙwan da aka saka. A shinge raga ake binnewa a kewaye, kuma kowace safiya a duba ko sabon rami ya ɓullo. A wajen shinge ba a kashe ta, gidanta ne, tun kafin a san da mu take cin rabonta. Kusa da gari kuma karnuka ne, da babura masu taya huɗu da 'yan yawon buɗe ido ke haya. Suna danne yashin, kuma kwarin da taya ta bari, wanda ba ya kai idon sawun mutum, ga ɗan kunkuru ganuwa ce. Sai ya bi ta a tsaye har rana ta same shi.

Da asuba rukuni na biyu ke yin ƙidaya. Ana bin gaɓar daga farko zuwa ƙarshe, a rubuta kowane sawu, gurbi ne ko juyawa, sannan a ja masa layi da ƙafa don kada a sake ƙirga shi gobe. A nan ne ake tsintar waɗanda suka ɓata. Bayan tuddan akwai fadamun gishiri shimfiɗe, uwar da ta tsallake tudu takan rasa ina teku yake, ta yi ta tafiya cikin tsibiri. Wata kuma ta maƙale tsakanin duwatsu ko ta kife. Kafin hantsi ya dubi ludayi zafi zai iya kashe ta, don haka da an ga sawun ya yi tudu ake binsa da sauri. In an same ta a jiƙa mata ƙyalle a rufe kai da idanu, a zuba mata ruwan teku a baya, a mirgina ta kan tamfol mai ƙarfi, mutum huɗu zuwa shida su ɗauka. Ba a ɗaga ta da ƙafafun gaba, kafaɗa gocewa take yi.

Sai zancen sawun da ba ya dawowa. Cin naman kunkuru tsohon abu ne a tsibiran nan, ƙasar da fari ya sha kashe dubban mutane, na shekarun 1940 har yanzu tsofaffi suna ba da labarinsa. Abin ya canza ne da naman ya zama hajar sayarwa har Praia, babban birnin ƙasar. A 2007 masu ƙidaya sun lissafa sama da uwa 1,000 da aka yanka a gaɓoɓin Boa Vista kaɗai, daga shekarar da ta biyo aka ƙarfafa sansanonin gadi, har da sojoji a sintiri. A 2018 doka ta mayar da kamawa, sayarwa da cin kunkuru laifin da ake hukuntawa. Yanzu har da jirage marasa matuƙa masu ganin zafin jiki da karnuka masu shinshino nama ake aiki. Ɗan sa kai ba shi da hurumin tunkarar kowa. Ya ga haske ko mutane, ya tsaya ya bar mai gadi ya kira a rediyo. Masu gadin yawancinsu 'yan ƙauyukan tsibirin ne, wasu a gidajensu an ci kunkuru suna yara, kuma su ne ke gane sawu daga taku hamsin alhali mu sai mun kusa taka shi. Gurabe a ƙasar sun tashi daga dubu goma da ɗoriya a 2015 zuwa kusan 200,000 a 2020. Ba na yarda da mai cewa gadi kaɗai ya yi wannan, domin kunkuru sai ya shekara 20 zuwa 30 kafin ya fara haihuwa, shekara biyar ba ta isa ta haifar da sababbin iyaye ba. Uwar da ba a yanka ba dai tana dawowa, wannan gaskiya ne, amma masana suna duba yalwar abinci a teku da kuma yadda ƙidayar kanta ta ƙara inganci.

Mai niyyar zuwa ya san cewa yawancin ƙungiyoyi biyan kuɗin ci da kwana ake yi, kuma ba sa son wanda zai yi ƙasa da mako biyu, tunda makon farko a koyo yake ƙarewa. Ana shiga ta Dakar zuwa Praia ko ta Lisbon. Cabo Verde tana cikin ECOWAS, amma ka riƙe wasiƙar gayyata, tikitin komawa da katin rigakafin shawara a hannu. Kalmomin Fotugis ko Kriolu, harshen 'yan ƙasar, ko ashirin ne suna buɗe ƙofa. Kafin ka biya ko sisi, dubi hotunan da ƙungiyar ke yaɗawa. In ka ga baƙi riƙe da 'ya'yan kunkuru da rana tsaka suna murmushi, ko an tara su cikin baho ana jiran masu kallo, nemi wata.

Daga kwana 45 ake kifa wa kowane gurbin shinge wani kwandon raga, a fara gadinsa dare da rana, domin tsakanin kwana 50 zuwa 60 ake sa ran fitowa. A ƙasa 'ya'yan suna tsaga ɓawo da ɗan tsinin da ke kan hancinsu, su kwana biyu suna miƙewa, gwaiduwar da ta rage a cibiya ta shige ciki. Sannan su taso gaba ɗaya: na sama suna kankare rufi, na ƙasa suna tattake abin da ya zubo, ɗakin duka yana hawa da su sannu a hankali har kwanaki. Alamar farko a waje ita ce yashin ya lotsa kamar an danna ƙoƙo. In sun iso kusa da sama suka ji zafi sai su lafa, sai dare ya sanyaya. Za ka ga kai ɗaya ya leƙo, baƙi, ya yi shiru minti goma kamar matacce. Can sai wurin ya tafasa, cikin minti biyu kwandon ya cika da su, kowanne bai kai tsawon ɗan yatsa ba, nauyinsa wajen giram 20.

Ba a ajiye su. A ƙirga, a auna kaɗan daga ciki, a sa a bokiti mai damshin yashi, ba ruwa ba. In ka sa su a ruwa za su fara iyo, alhali ƙarfin da gwaiduwa ta bar musu na iyon kwana guda ne ba tsayawa, wanda zai fitar da su daga ruwan gaɓa inda kifaye ke jira. Ana sakinsu a daren, a wuri mai duhu, mita da yawa daga ruwa don su taka da kansu, kuma a riƙa canza wurin, domin kifi ma yana koyon inda ake rabon abinci. Suna bin inda sararin ya fi haske a ƙasa-ƙasa, suna guje wa duhun tudu, wanda a gaɓar da ba fitila teku ke nan. Tocila ɗaya a bayansu ta isa ta juyo da su duka. Igiyar farko takan watso su baya har kan ƙafafunka, a nan doka ita ce ka daskare, kada ka ɗaga ƙafa sai mai gadi ya ce an wuce. Ƙiyasin da aka saba faɗa shi ne ɗaya cikin dubu ke kaiwa girma, kuma macen da ta kai, yankin da aka haife ta take nema, ana jin da maganaɗisun ƙasa take gane shi.

Kwana uku bayan fitowa ake tone gurbin, da yamma in rana ta yi sanyi. Wannan ba aikin mai ƙyanƙyami ba ne, warin yana bin hannu ko da safa biyu. Ana fito da komai a jera a kan yashi goma-goma. Ɓawon da ya fi rabi a ƙirga shi ɗaya, gutsattsari a bar su. Ƙwan da bai fashe ba a buɗe shi a rubuta abin da ke ciki: ba alamar tayi, ko ɗigon jini da ido, ko cikakken ɗa da ya mutu rungume da gwaiduwarsa. In da yawa sun mutu a mataki ɗaya, sai a koma takarda a ga abin da ya faru a wannan makon, ruwa ne ya hau ko zafi ne ya yi yawa. In tun farko suka tsaya, a duba wa ya kwashe gurbin da ƙarfe nawa. A raba adadin ɓawo da jimlar ƙwai, a samu kason nasara. Sau da yawa a ƙasan ramin akwai ɗaya ko biyu da rai, waɗanda 'yan uwa suka tafi suka bari, wuya a lanƙwashe, yashi a ido. Waɗannan a sa su a bokiti a rufe da baƙin ƙyalle a kai inuwa, sai bayan isha a kai su bakin ruwa. Sauran tarkacen a haƙa rami nesa da shinge a binne, a cire katakon lambar a goge shi.